Yadda Ake Tsara Filin Wasan Yara a Makaranta Bisa Awo da Lissafi

Mafi yawan munanan raunukan da yara ke samu a filin wasa daga faɗuwa suke zuwa, don haka kafin hedimasta ya kira mai walda ya ƙera lilo ko abin sulalowa, wajibi ne ya tsayar da amsar tambayoyi biyu: daga wane tsayi yaro zai faɗo, kuma a kan me zai sauka.

Duk abin da ya faɗo, saurinsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a kowace daƙiƙa, wato yaron da ya suɓuto daga tsayin mita 2 zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 22 a awa. Abin da ke jawo karaya ko fashewar kai shi ne tsayawa farat ɗaya. Idan jiki ya tsaya cikin santimita 1 kacal, matsakaicin ƙarfin bugun ya kai ninkin nauyin yaron sau 200, amma idan ƙasa ta lotsa har santimita 10, sai ya sauko zuwa ninki 20. Wannan ne dalilin da ya sa daɓen siminti da burji da busasshiyar ƙasar rani ba su dace a ƙarƙashin kayan hawa ba, komai kyansu a ido.

Abin da ya fi sauƙin samu a wurarenmu shi ne yashin kogi, kuma a nemi wankakke marar laka, domin mai laka yana daskarewa da zarar ruwa ya dake shi. Ƙa'idar Turai ta amince da yashi mai zurfin santimita 40 har zuwa tsayin mita 3, yayin da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta taƙaita kariyar yashi ga ƙafa 4, wato mita 1.2. A ganina makarantar da ba ta da mai kaftar yashi kullum ta zuba zurfin Turawa amma ta riƙe tsayin Amurkawa a dandamalin hawa. Ɓarzajjen katako ya fi yashi laushi, sai dai gara ba za ta bar shi ba.

Daga nan sai a shata fili da igiya da turaku. Kowane abin wasa yana bukatar sarari na mita 1.8 ta kowane gefe, babu bango, babu kututture, babu kwata. Lilo ya fi kowa cin wuri, saboda yaron da ya saki sarƙa ba ya faɗowa tsaye, gaba yake cillawa, shi ya sa ake bar masa ninki biyu na tsayin sandarsa a gaba, da irinsa a baya. Lilo mai tsayin mita 2 da faɗin kimanin mita 3.4 zai ci fili mita 8 a mita 7, kuma idan aka ninka da zurfin mita 0.4, yashin da za a sayo ya ɗan haura kubik mita 22. Domin kusurwa ta fita daidai, a bi dabarar magina: a auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, idan tsakaninsu ya ba da mita 5 to kusurwar ta zauna. A kafa lilon a gefen fili, nesa da hanyar da yara ke bi a guje zuwa famfo ko wurin masu tallar abinci lokacin tara.

Awon da za a miƙa wa mai walda a rubuta shi a takarda, kada a bar shi da kintace. Gangaren abin sulalowa kada matsakaicinsa ya wuce digiri 30, wanda ke nufin tsawon allon ya ninka tsayin dandamalin sau biyu, sannan ƙarshensa ya kwanta domin gudu ya ragu kafin ƙafa ta taɓa ƙasa. Tazarar da ke tsakanin sanduna kuwa ita ce tarkon da aka fi mantawa da shi, domin jikin ƙaramin yaro yana iya wucewa ta inda kansa ba zai wuce ba, sai ya rataye ta wuya. Kowace kafa ta kasance ƙasa da santimita 9 ko sama da santimita 23. Kujerun lilo kada su wuce biyu a tsakanin ƙafafu, da tazarar santimita 60 a junansu, kuma a yi su da roba ko taya maimakon ƙarfe ko katako mai nauyi.

Zafin rana ma yana cikin lissafi, domin a watannin Maris zuwa Mayu allon ƙarfe yana iya ƙona cinyar yaro cikin ɗan lokaci. A duba inda inuwar dalbejiya ko ta aji take faɗawa a lokacin da yara ke fitowa, a kafa shi nan, ko a yi masa rumfa. A kuma ba filin ɗan gangare na santimita 1 zuwa 2 a kowace mita saboda ruwan damina. Kowane mako a tona yashin da ke ƙarƙashin lilo da bakin abin sulalowa, inda ƙafafu ke kwashe shi, a soka sanda a auna zurfinsa, a cike abin da ya ragu.