Yadda ake sauke injin 1HZ a tsohuwar Land Cruiser a ɗora wani

Injin 1HZ na Toyota, mai silinda shida da lita 4.2, ya fito a 1990, kuma shi ne a cikin Land Cruiser masu shan gas (dizal) irin su HZJ75, HZJ79 da HZJ80 da ke bin hanyoyin yashi da na daji. Yana da juriya, amma ba ya jure zafi. Da zarar ya tafasa sau biyu ko uku, top silinda na iya tsagewa, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Idan kuɗin gyara ya kusa kamo kuɗin injin Baljiyam, gara a canza. Ɗaga injin da mayar da shi ba shi ne babban aikin ba. Aikin yana wajen zaɓen sabon da shirya shi tun yana ƙasa.

Zaɓen inji

Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, ko a Panteka ta Kaduna, kada ka biya sai an tayar da shi a gabanka, kuma da sanyinsa, domin ɗumammen inji yana ɓoye ciwonsa. Buɗe murfin baƙin mai yana aiki. Idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi, ringi ya ci. Idan ƙasan murfin ya yi fari kamar madara, ruwa na shiga mai. In akwai ma'aunin matsi, a cire hitoci (fulogogin da ke ɗumama silinda kafin a tayar) a auna kowace silinda: lafiyayye yana ba da kilo 37 a kan murabba'in santimita, bai kamata ya gaza 27 ba, kuma tazarar da ke tsakanin silinda da silinda kada ta wuce 5.

Tambayi motar da aka ciro shi. Bas ɗin Coaster ma 1HZ take amfani da shi, kuma da yawa daga cikin waɗannan injuna wutarsu bolt 24 ce. Idan motarka mai 12 ce, dole ka mayar da kik, altaneta, hitoci da solenoyid ɗin famfon mai (makunnin lantarkin da ke buɗe wa gas hanya) daga tsohon injinka. Kaskon baƙin mai, bututun da ke tsotso mai daga cikinsa, da ƙafafun mawuntin su ma sukan bambanta. Saboda haka kada ka sayar da tsohon injin, ko ka bari a kwashe kayansa, sai motar ta tashi ta yi tafiya. Rasit ɗin kuma ya zama yana ɗauke da lambar injin, don takardun mota.

Saukewa

Injin ya kai wajen kilo 300, don haka a nemi cenbulok mai ɗaukar tan 1 da ƙarfen rataya mai ƙwari. Reshen bishiya ba wurin rataye shi ba ne. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a tare tayoyi gaba da baya.

Cire batir, wayar nagetif tukuna. Zana layi a gefen marataya bonet kafin ka kwance shi, don ya koma daidai. Zubar da ruwa da baƙin mai, sannan ka fitar da lagireto, fanka da gidan filtar iska. Ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo kafin ka zare, ka manna musu alama. Tiyon gas guda biyu ne, mai shiga da mai komawa tanki; toshe bakinsu, domin ƙura kaɗan ta isa ta lalata famfon mai da nozul.

A 1HZ, famfon sitiyari da famfon da ke ba birki iska suna manne a jikin inji, haƙoran taimin ke juya su, don haka tiyonsu kawai za ka cire. Kwamfuresar AC kuwa a kwance ta a ɗaure gefe ba tare da an buɗe bututunta ba. Haka ƙaramar silindar kuloci da ke jikin giya: kwance ta da tiyonta a jiki, ka huta da fitar da iska daga baya. Notikan salansa a jiƙa su da mai tun daren jiya.

Cire kik. Sa jak da katako a ƙarƙashin giya. Rataye injin ta kunnuwansa biyu, ka ɗan ja kaca har nauyin ya koma kanta, sannan ka kwance mawuntin da notikan da suka haɗa inji da giya. Na can sama, kusa da bangon mota, sai da dogon hannun bokis ake kai musu. Ja injin gaba a miƙe har sandar giya ta fita daga kuloci, sannan a ɗaga a hankali ana lura da kaskon mai kada ya daki akusul ɗin gaba. Idan ya ƙi tahowa, akwai noti ko wayar at (mai haɗa inji da jikin mota) da ka manta. Kada kowa ya sa hannu ko kai a ƙarƙashinsa.

Shirya sabon tun yana ƙasa

Nan ne masu mota ke yin rowa, kuma nan ne rowar ke da tsada. Canza taimin bel da abin da ke ɗame shi, ko da mai sayarwa ya rantse sabo ne. Ana canza shi ne duk kilomita 100,000, kuma ba ka san tafiyar da wannan ya yi ba. Idan ya tsinke, fistin zai daki bawul. Canza sil ɗin bayan karanshaf, domin idan ya fara yoyo bayan an ɗora, sai an sake raba inji da giya. Sa sabon kuloci, sabon boris ɗin da ke tura shi, da ɗan ƙaramin boris ɗin da bakin sandar giya ke zama a ciki. Duba fuskar fulayiwil: idan ta yi shuɗi ko ta tsattsage, a kai a goge. Notikanta a ɗaure su da sifana mai awo, a gicciye, bisa adadin da littafin gyaran Toyota ya bayar.

Sai abin da ya kashe tsohon injin. Idan zafi ne, lagireton da ya toshe zai kashe wannan ma. A buɗe shi a wanke, ko a canza. A gwada kan fanka, a sa sabon murfin lagireto da sabbin tiyo. Tamostat kuma a bar shi a ciki. Al'adar cire shi wai don ƙasarmu da zafi ba ta warkar da komai, ɓoye matsalar kawai take yi, ta bar inji yana aiki da sanyi da safe yana cin kansa.

Ɗorawa

Daidaita faifan kuloci a tsakiya da tsohuwar sandar giya ko ƙarfen saiti kafin ka ɗaure murfinsa. Shafa giris kaɗan a haƙoran sandar. Idan ya yi yawa zai fantsama kan faifan. Sauke injin ya zama layi ɗaya da giya, tazarar sama daidai da ta ƙasa. Idan haƙoran sun ƙi shiga, sa giya, ka ɗan juya karanshaf da sifana. Kada ka jawo su da noti su haɗu dole: ko faifan ya lanƙwashe, ko gidan kuloci ya tsage. Notikan mawuntin a bar su sako-sako sai injin ya zauna da nauyinsa. Sauran kaya su koma bisa hotunan da ka ɗauka, kuma a kankare wurin zaman wayar at har ƙarfe ya fito.

Tayarwar farko

Zuba baƙin mai na injin gas da sabuwar filta. Yana cin lita 9 zuwa 11 gwargwadon kaskon, don haka sandar awo ce alƙali. Danna famfon hannu da ke kan filtar gas har ya yi tauri. Zare wayar solenoyid, ka yi kik na daƙiƙa 10 ana hutawa, har fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da wayar. Idan ya ƙi tashi, sassauta notikan bututun nozul, a yi kik har gas ya fito ba kumfa, a ɗaure.

Bar shi yana aiki, hitar cikin mota a buɗe, har tiyon sama ya yi zafi, kana ƙara ruwa yayin da iska ke fita. Kumfar da ba ta yankewa a bakin lagireto alamar gasket ce ko tsagewa. Idan ka ga haka, mayar wa mai sayarwa da injin tun kwanakin gwajin da kuka yi yarjejeniya a kansu wajen saye ba su ƙare ba. Taka birki kafin ka fita titi, don ka tabbatar tiyon iskarsa ya koma. Bayan kilomita 1,000 a canza mai da filta, a sake bin notikan mawuntin, na salansa da na bakin tiyo.