Tun kana da lafiya, zaɓi wanda zai tsaya maka

Jama'a, wasiyya ba ta aiki sai bayan rasuwa. To idan shanyewar ɓarin jiki ko doguwar suma ta kwantar da mutum, yana numfashi amma ba baki fa? Likita na jiran wanda zai sa hannu a takardar tiyata, kuɗin magani na banki, 'yan uwa na gardama a bakin gado.

Wanda ka rubuta sunansa a fom ɗin banki a matsayin makusancinka ba shi da ikon cire ko sisi. Ka je bankin da kanka, ka nemi a ƙara mutum na biyu mai sa hannu a asusun, ka faɗi iyakarsa. Gida, gona ko shago kuwa, lauya ya rubuta takardar wakilci gaban shaidu, ka tambaye shi ƙarara ko za ta ci gaba da aiki idan hankali ya gushe.

A ganina ba dole babban ɗa ba ne. Mai amana da sanyin kai ake nema, wanda ke kusa, ko da matarka ce. Ka tara iyali ka faɗa da bakinka, sannan ka nuna wa wanda ka zaɓa inda ka rubuta basussuka da magungunan da kake sha.