Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen burauza

Na gaji da maimaita magana ɗaya a shagona. Wannan ya shigo da laftof yana cewa shafin makaranta ya ƙi buɗewa, wancan ya ce ya goge Chrome don an gaya masa tana leƙen asirinsa, yanzu kuma banki ya ƙi karɓarsa. Abin da na gyara wa mutum jiya, shi wani zai kawo mini yau.

Tushen matsalar shi ne neman burauza guda da za ta yi komai: ta toshe talla, ta kori masu bibiya, wato kamfanonin da ke bin sawunka daga shafi zuwa shafi, ta rage cin data, sannan ta buɗe kowane fom ba tangarɗa. Ba a yi ta ba tukuna. Yawancin masu gina shafuka a Chrome suke gwada aikinsu, daga nan su naɗe tabarma. Edge da Brave da Opera da Samsung Internet duk a kan injin Chromium suke tafiya, wato ɓangaren da ke karanta shafi ya nuna shi a allo, wanda Google ke jan ragamarsa. Ita Edge a 2020 ta koma kansa. Firefox na da nata injin, Gecko, Safari kuma WebKit. Shi ya sa fom zai tafi lafiya lau a Chrome, a Firefox kuma maɓallin turawa ya ƙi dannuwa. Ba Firefox ce ta lalace ba, mai shafin ne bai gwada a can ba. Sai dai kada a manta, da talla Google ke samun mafi yawan kuɗinsa, ita kuwa Firefox tun 2019 take toshe kukis ɗin masu bibiya, wato 'yan bayanan da suke ajiyewa a na'urarka don su gane ka, ba tare da ka taɓa komai ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne biyan kuɗi da burauzar da aka cika wa matoshai. Wani yaron shagona ya maƙala wa kwamfutar aiki manhajojin toshe talla har uku, wai don ta yi sauri. Wata baiwar Allah ta zo biyan kuɗin makarantar ɗanta. An sa lambar kati, lambar sirri ta shigo wayarta, alat ya biyo baya, amma allon ya tsaya fari fat, ba rasit. Yaron ya ce, "Hajiya, bai tafi ba, bari a sake." Aka sake, aka kuma cire kuɗi. Daga aljihuna na biya ta na biyun, domin ba zan iya kallon idonta in ce ta je ta yi ta sintiri a banki ba.

Don Allah ku fahimci yadda biyan nan yake tafiya! Shafin makaranta ne ke miƙa ka ga kamfanin karɓar kuɗi, shi ya miƙa ka ga banki, sannan a dawo da kai inda ka fito da shaidar an biya. Matoshi ya tare mataki ɗaya a hanyar dawowar, kuɗi sun fita, shaida ba ta iso ba. Kuma in allo ya tsaya bayan alat ya shigo, cire hannunka daga maɓallin nan. Wane irin gaggawa ne zai sa ka danna sau biyu a kan kuɗin mutane?

Ni abin da nake yi, burauza biyu nake ajiyewa. Chrome ko Edge, tsirararta, ba a maƙala mata komai ba: banki, JAMB, fasfo, duk wani fom na gwamnati. Firefox mai matoshin talla na uBlock Origin kuma ita ce ta karatu da bincike da yawon yau da kullum. Wasu abokan sana'a sun fi son Brave a wannan gurbin, ban ce sun yi laifi ba.

Akwai kuma masu yin akasin haka: shafi ɗaya ya ƙi, sai su kashe kariyar gaba ɗaya, su manta da ita. A Brave danna kan zakin nan da ke gefen adireshi, a Firefox kuma 'yar garkuwar, ka sauke wa wannan shafin kaɗai.

Sai Incognito, wato tagar sirri ta Chrome. Matasa da yawa sun ɗauka layar zana ce. Abin da take yi kawai, in ka rufe ta ba ta barin tarihi da kukis a cikin na'urarka. Kamfanin layinka da mai wayifayin da ka hau suna ganin shafukan da ka nufa, kuma da zarar ka shiga Gmail ko Facebook ka faɗi sunanka da bakinka. A 2024 Google ya amince zai goge biliyoyin bayanai don sasanta wata ƙara da aka shigar a Amurka kan wannan batu. Amfaninta na gaskiya a kwamfutar kafe ne ko wayar aro, kuma a nan ɗin ne mutane ba sa kunna ta. Sai ma su danna "ajiye" idan aka tambaye su kalmar sirri.

Opera Mini na da kyau wajen karanta labarai in data ta yi ƙasa, amma in ka sa ta a matsanancin tsimi, sabar kamfanin ce ke buɗe shafin ta matse shi kafin ya iso gare ka, don haka ban cike fom ko harkar kuɗi a nan. Burauzar da aka turo maka ta WhatsApp ko Xender, kada ka ɗora. Je Play Store. Internet Explorer ta yi ritaya tun Yunin 2022. Tor, burauzar ɓoye sawu, ba ta shiga banki ba ce. Mai iPhone kuma ya sani cewa a ƙasashenmu Chrome ɗin da ke wayarsa da injin Safari take aiki, saboda haka shafin da ya ƙi a ɗaya zai yi wuya ya yarda a ɗayar. Ya nemi kwamfuta ya ƙarasa a can.