Yadda za ka raya maikoriza a saiwar tuffa ba sai ka kashe kuɗi ba

Masu dasa tuffa, musamman 'yan uwanmu na Filato da suke da sanyi, da yawa hankalinsu na kan taki ne kawai, alhali akwai wani fungas, wato dangin funfuna, a cikin ƙasa da ake kira maikoriza wanda yake shiga cikin ƙananan saiwoyin bishiyar ya baza zarensa nesa, ya jawo mata fosfaros da zink da ruwa daga inda saiwa ba ta iya kaiwa, ita kuma ta biya shi da sukari. Wani Bajamushe masanin tsirrai mai suna Frank ne ya raɗa masa sunan a 1885. Kar ka tsaya neman sa da ido, irin na tuffa ba ya fito da naman kaza a sama, sai da madubin likita.

Ana sayar da garinsa a leda, amma ni dai gara ka haɗa naka. Je ka inda aka daɗe ba a yi huɗa ba, gindin ciyawa ko bishiya mai lafiya, ka ɗebo ƙasa haɗe da ƙananan saiwoyi, ka gauraya da yashi a bokiti ko buhu mai huji, ka shuka dawa ko masara da ɗan wake a ciki. Ban ruwa kawai, ba taki. Bayan kamar wata 3 sai ka yanke ruwan ka bar su su bushe, wannan bushewar ce ke sa fungas ɗin ya zubar da irinsa. Toh sai ka sare karan, ka daddatsa saiwoyin ka cuɗa da ƙasar.

Ranar dashe ka zuba cikin hannu biyu na wannan haɗin a ramin yadda zai taɓa saiwar dashen kai tsaye, in ka watsa a sama ka yi aikin banza.

Inda ake ɓata lamarin shi ne taki. Ka antaya sufa ko NPK da yawa, bishiya ta samu fosfaros a sauƙaƙe sai ta daina ciyar da fungas ɗin. Ruɓaɓɓen takin gargajiya kaɗan-kaɗan ya fi. Kar ka riƙa kafta da fartanya a gindi kana tsinka zaren, shimfiɗa busasshiyar ciyawa kawai amma kar ta manne da jikin itacen. Maganin funfuna ma kar a kwarara shi a ƙasa.

In za ka yi shuka tsakanin layuka, albasa da wake suna riƙe fungas ɗin, kabeji kam ba ruwansa da shi sam.