Kurakuran masu neman kujerar celo a okestura

Celo babban goge ne na Turawa mai tsirkiya huɗu, a zaune ake kaɗa shi, an sa shi tsakanin gwiwoyi. Mai son cin abinci da shi a okestura, wato babbar ƙungiyar makaɗa irin ta Turawa, sai ya bi ta gwajin ɗaukar aiki, kuma a nan gwanaye da dama ke zubewa, ba don rashin hannu ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya kwashe watanni yana gyara konshaton Haydn ko Dvořák, wato dogon kiɗan da mai celo ɗaya ke jagoranta okestura na raka shi, ya bar gutsattsarin kiɗan okestura sai gwaji ya rage mako biyu. Alhali gutsattsarin nan ne alƙalan gwaji ke jira, musamman farkon kashi na biyu na simfoni (dogon kiɗan da dukan okestura ke yi) ta 5 ta Beethoven da na simfoni ta 2 ta Brahms. A na Beethoven akwai dogon sauti da gajere na biye da juna. Dogon ya kamata ya ninka gajeren sau uku, amma da hannu ya saki sai ya koma sau biyu, kiɗan ya yi ɗingishi. Mai kiɗa ba ya jin haka a lokacin, alƙali kuwa yana ji tun layin farko. Ka saita metronom, na'urar da ke ƙirga bugun kiɗa, ya raba bugun gida huɗu, ka fara a hankali, ka ɗauki sautinka da waya ka saurara.

A wurare da yawa bayan labule ake zagayen farko don kada alƙalai su ga mai kiɗa, al'adar da okesturar Boston ta gwada tun 1952. Ba a magana, har darduma ake shimfiɗawa don kada ƙarar takalmi ta nuna mace ce ko namiji. Minti kaɗan gare ka, ba damar ɗumama hannu. Don haka a gida ka hau bene da gudu, ka zauna zuciya na bugawa, ka kaɗa sau ɗaya ba maimaici. Ka kuma tambayi saitin gidan: sautin A da ake saita tsirkiya da shi, wasu a kan girgiza 440 a daƙiƙa suke ɗaukarsa, a Jamus kan kai 443.

Samun kujera ba shi ne tabbata ba, a Jamus akan yi wa sabo shekara guda ta gwaji. Wanda ya ɗaga sautinsa sama da na 'yan sahu, ko bakansa ya yi sama sa'ad da na shugaban sashe ya yi ƙasa, zai ji a ƙuri'ar da 'yan okestura ke kaɗawa kan tabbatar da shi. Mutum biyu ke duba takarda ɗaya, na ciki, wato wanda ya fi nisa da bakin dandali, ke juya shafi, kuma da fensir ake rubutu, ban da biro.

Wajen koyarwa, iyaye kan saya wa yaro cikakken celo wai zai girma da shi. Yatsu ba za su kai ba, sai ya ɗage kafaɗa ya murɗe wuyan hannu, gyaran kuwa na ɗaukar shekaru. Ɗan shekara takwas galibi mai rabin girma ne daidai da shi, da kujerar da tafin ƙafarsa zai taka ƙasa. A koya masa sassauta izgar baka bayan kiɗa, kada ya cika mata ƙaro har sauti ya yi ƙaiƙayi. Tsirkiya kuma ɗaya bayan ɗaya ake canzawa: in aka cire duka, jaki, wato katakon da ke ɗage tsirkiyoyin, zai faɗi, ɗan sandan da ke tokare a ciki ma yana iya kwanciya, sai an kai wa mai gyara.