Darasi na 9: Baƙin ruwan masana'antar itanol

Kowa a ajin nan ya san ƙasari. In an surfa gero an wanke, ruwan da ya fito ba a zubar da shi, tumaki ake ba. Amma in aka bar shi ya kwana uku a ƙofar gida, maƙwabta sai sun yi magana. Yau za mu karanta labarin wani irin ƙasari, na masana'anta.

A nan Sudan, a jihar Farin Nilu, kusa da garin Rabak, akwai kamfanin sukari na Kenana. In an matse rake an dafa ruwan an cire sukari, akwai wani baƙin maɗi mai kauri da ke saura, sunansa molas. A 2009 Kenana ta buɗe sashen yin itanol daga molas, wanda aka gina don ya fitar da lita miliyan 65 a shekara. Ana tsinka molas da ruwa, a zuba yis, a bari ya tsimu, sannan a dafa a tare tururin. In tururin ya huce, shi ne itanol. Ba don sha ake yin sa ba, da fetur ake gauraya shi a zuba wa mota.

Abin da ya rage a gindin tukunya shi ne finas. Ku rubuta kalmar a allo: fi-nas. Ruwa ne baƙi-baƙi kamar gahawa, da tsami, da warin ƙonannen sukari, kuma da zafinsa yake fitowa. Yawansa ne abin tsoro: duk jarka ɗaya ta itanol tana barin jarka 10 zuwa 15 na finas.

In aka saki wannan ruwa cikin kogi ko tur'a, wato magudanar ban ruwa, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani za su taru su ci abin da ke cikinsa. Garin ci sai su shanye iskar da kifi ke shaƙa a ruwa. Da safe a ga kifi ya juya ciki sama, ruwan ya yi baƙi yana ɗoyi. A wannan tur'a matanmu ke wanki, yaranmu ke wanka, dabbobinmu ke sha. Shi ya sa ba na ɗaukar wannan darasi da wasa.

Ranar da na fara koyar da shi, da na ce finas yana iya zama taki, wani dattijo manomi daga garin Maiwurno ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, abin da ke kashe kifi, yaya kuma za ka ce mana taki ne?"

Na ce, "Baba, ai kun san ruwan toka da iyayenmu mata ke tarara wa miya. Sinadarin da ke cikin toka, fotashiyam, shi ne ya cika finas. Rake ne ya zuƙo shi daga ƙasa tun farko, kuma shuka na bukatarsa don kara ya yi ƙarfi. In ya koma gona, gida ya koma."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, amma ruwan toka ma in ya yi yawa, miya ta ɓaci."

Gaskiyarsa. A Barazil, inda suka daɗe suna wannan sana'a, yawancin finas gonakin rake ake mayar da shi, amma da awo. Ana bari ya huce, a tsinka shi da ruwan ban ruwa, a watsa shi a fili mai faɗi. Mu nan sai mun ƙara kula, don baƙar lakarmu ba ta saurin tsotse ruwa, ga rana mai busar da shi. In aka yi ta zubawa a fage ɗaya shekara da shekaru, gishiri zai taru, ƙasa ta yi fari-fari a sama, iri ya ƙi tsira. Kada a zuba shi kusa da rijiya, kada a zuba a kan ganyen da za a ci ɗanye. A fara gwadawa a kunya biyu ko uku, kuma a nemi shawarar malamin gona kafin a taɓa sauran gonar.

Hanyar da na fi so ga ƙaramin manomi ita ce ta juji. A tara dattin da aka tace daga ruwan rake, da kashin shanu, da busasshen ganye, a riƙa yayyafa finas ana juyawa har ya ruɓe ya daina wari. Wannan ana iya ɗaukarsa a buhu a kan jaki.

Masana'anta kuma tana iya rufe shi a babban tanki inda iska ba ta shiga, ya fitar da gas na girki ko na wutar lantarki. A Indiya wasu na dafa shi ya yi kauri su ƙona a tukunyar injin, tokar ta zama taki.

Aikin gida: in an samu jarka 4 na itanol, kowace ta bar jarka 12 na finas, jarka nawa ke nan? Ku rubuta amsar da lamba da kuma kalmomi. Sannan kowa ya zana gonarsa a takarda, ya nuna inda rijiya take da inda ruwa ke gangarawa, ya kawo ranar Asabar.