Darasi na 9: Me yaro zai karya da shi da safe?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata da iyayenmu da ke wannan aji, har da mazan da littafin nan zai faɗo hannunsu, dan maganar ta shafe ku tunda ku ke fita cefane. Darasin yau a kan karin kumallon yara ne, tun daga ɗan wata 6 da ya fara ɗanɗana abinci har zuwa ɗan shekara 5 da ake saɓa wa jaka a kai shi makaranta.

Kowa ta ɗauki fensir tukuna ta rubuta waɗannan a littafinta, mu karanta su da ƙarfi gaɓa-gaɓa: ge-ro, wa-ke, gya-ɗa, ko-ko, a-ya-ba, zo-ga-le, ƙwai. A lura da ɗa mai lanƙwasa a gyaɗa, da ƙa mai lanƙwasa a ƙwai, kar a rubuta su a miƙe.

Toh, ranar da na fara kawo maganar nan a aji na bi layi ina tambayar kowa me yaranki suka karya da shi yau, amsar kusan iri ɗaya ce, wannan ta ce koko, waccan ta ce shayi da burodi, wata ta ce ta ba shi kuɗi ya sayi biskit a hanya dan ta makara. Ba wacce na ga laifinta, wallahi safiyar uwa ba wasa ba ce, ga sallah ga shara ga ɗiban ruwa ga wankan yara ga maigida na jiran nasa, gawayin ma wani lokaci sai kin yi ta fifita kafin ya kama. Amma ki yi lissafi da ni. Yaron da ya ci tuwo bayan magariba wajen ƙarfe 7 ya kwanta, bai sake sa komai a baki ba sai 7 na safe, awa 12 kenan cikinsa ba komai, kuma da ya tashi guje-guje zai fara. Abin da ya fara shiga cikin nan shi zai riƙe shi har hantsi.

Cikin nasa kuma ɗan mitsitsi ne. Ɗan shekara 1 zuwa 2 abin da yake iya ci a zama ɗaya bai wuce kofi ɗaya ba, kwatankwacin rabin ledar fiya wata, ɗan wata 6 kuwa da cokali 2 ko 3 ake fara masa a dinga ƙarawa a hankali. Kinga idan kika cika wannan ɗan wurin da koko tsululu wanda rabinsa ruwa ne, cikin zai yi tim ki ɗauka ya ƙoshi, kafin ki gama wanke-wanke ya yi fitsari sau biyu ya dawo yana jan zaninki yana kuka, ke kuma ki ce yaron nan rigima gare shi alhali yunwa ce. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk darasin, ruwan da muke tsugawa a kunun yara. Gwajin ba wuya: ɗebo kunun a cokali ki ɗan karkata shi, idan ya zube shar kamar ruwa bai yi ba, idan ya tsaya yana saukowa a hankali toh ya yi. Wasu na tsoron mai kauri zai tsaya wa yaro a wuya ko ya hana shi kashi, ba haka ba ne, indai ya dahu ya yi laushi ba gudaji ɗan wata 6 ma yana haɗiye shi lafiya lau, ruwa kuma a ba shi daban a kofi bayan ya gama.

Koko ba abin rainawa ba ne, har Accra da Kumasi ana layin sayensa da ƙosai da sunan kokon Hausa. Abin da ya rasa shi ne abokin tafiya. Gero da dawa da masara ƙarfi suke bayarwa, amma abin da ke gina tsoka da jini yana cikin wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama da nono. Dan haka duk safiya ki tambayi kanki me zan ɗora a kan kokon nan. Cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa ki dama a ciki, ko ƙosai 2 ki mutsuttsuke masa, ko madara, ko ɗan garin ƙuli marar yaji. Na yaro kuma a rage masa citta da barkono, sikari ma ɗan kaɗan, in kin saba masa da zaƙi tun yanzu gobe ba zai karɓi abin da ba zaƙi ba.

Shayi kuwa ina roƙonku a rage ba yara. Ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin da ke ƙara jini daga cikin abinci, yaranmu kuma dama ga zazzaɓin cizon sauro yana cinye musu jini. Ruwan bunu da sikari da yankan burodi ba abin da ya ƙara wa yaro sai cikar ciki. In burodin ne ya samu, shafa masa gyaɗa markaɗaɗɗiya sama-sama ko ki haɗa masa da ƙwai, ki ba shi madara ko nono a maimakon shayin.

Garin kunu na ajiya

Wannan shi ne ya fi taimaka min ni kaina, wahalar rana ɗaya ce ki huta sati biyu. A asibiti za ki ji ma'aikatan lafiya suna ce masa Tom Brown. Awonsa 6, 3, 1. Gwangwani 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko ki gauraya su, gwangwani 3 na waken suya, gwangwani 1 na gyaɗa. Da kowane gwangwani kika fara awo da shi za ki ƙarasa, kar a canja a tsakiya.

Ki tsince hatsin ki wanke ki rege tsakuwa ki shanya ya bushe ƙayau. Waken suya shi ke son kulawa, ki jiƙa shi ki murje ɓawon ki wanke ki shanya, sannan ki soya shi a busasshen kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya yi ja-ja ƙamshi ya tashi wannan ƙarnin na ɗanye ya fita, dan ɗanyen waken suya yana ɓata wa yaro ciki. Hatsin ma a soya shi sama-sama, gyaɗar a soya a murje. Wajen gyaɗa da masara dan Allah ki zauna ki tsince da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi baƙi ko ta motse ki zubar kar ki ji asara, akwai dafi a cikin irin wannan da ke lahanta hanta kuma wuta ba ta kashe shi. In kina da busasshen kifi ki cire ƙaya ki jefa kaɗan, dabino ma ana sawa a cire ƙwallon, shi zai ba ki zaƙi ba sai kin nemi sikari ba. Sai a kai inji, ki ce wa mai injin ya share bakin injin dan kar ragowar barkonon wani ya shiga, ki dawo ki tankaɗe ki baza ya huce sarai kafin ki zuba a roba mai murfi. Kar a sa jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Da safe cokali 3 na garin, ki dama da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa, ki bar shi a wuta ya yi ta ɓararraka kamar minti 10. Shi ba irin kamu ba ne da ake sheƙa wa ruwan zafi a sauke, sai ya dahu. Kafin ki gama yi wa yaro wanka ya huce.

Akwai wata ɗalibata da ta zo da ɗanta aji a goye, ya kusa shekara 2 amma in kin ɗauke shi kamar ɗan wata 9, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa sai kallo. Na ce ta kai shi asibiti a auna dantsensa da wannan tef ɗin mai launi uku, kore da rawaya da ja, aka auna ya faɗa a rawaya, wato tamowa ta fara kama shi. Ta bi abin da suka ce, muka kuma haɗa garin nan tare a tsakar gidana da kaskona, ranar har hayaƙi ya sa mu hawaye. Bayan 'yan watanni ranar da ya ƙwace mata fensir ya ruga bayan allo yana dariya, ni da ita muka kalli juna kawai ba wanda ya iya magana. Shi yasa nake cewa in kin ga yaro yana ramewa ko ƙafafunsa sun kumbura ko ya daina cin abinci, tamowa ce ake tsoro, asibiti za ki nufa da shi a ranar, garin kunu kaɗai ba zai wadatar ba.

Ranar da ba a son kunu

Yaro ma yana gajiya da abu ɗaya. Ƙwai shi ne mafi sauri, ki jefa shi a tukunyar da kika ɗora ruwan zafi, minti 10 ya dahu har ƙwaiduwar ta daskare, ki ɓare ki farfasa masa da cokali. Maganar da ake yi wai yaron da ke cin ƙwai zai yi sata, ba ta da tushe, ta dai hana yara da yawa abin da jikinsu ke nema. In kina kiwon kaji ko zabi ki ware masa ko da ƙwai 2 ko 3 a sati kafin a kai sauran kasuwa.

Dankalin Hausa, musamman mai jan ciki kalar lemu, ki dafa ki murƙushe da ɗan manja ko man gyaɗa, yana da sinadarin da ke gyara ido. Alala da awara duk suna da laushi, ita alala in kin markaɗa waken tun dare ko kina da garin wake a ajiye, turarawa ce kawai ta rage da safe. Waina a jiƙa masa ita da miyar taushe. Fura da nono ma kari ne mai kyau, mutanen Maraɗi da Damagaram sun fi kowa sanin haka, sai dai ta yaro a dama ta da kauri da ruwa mai tsafta, nonon ya fi ruwan yawa. Ɗumame kuwa ba abin kunya ba ne, tuwo da miyar kuka ko ta zogale da ɗan kifi ya fi biskit da taliyar leda nesa ba kusa ba, amma a ɗumama shi har cikinsa ya yi zafi yana tururi, in kin ji ya fara tsami ko ya yi yauƙi kar ki ba ƙaramin yaro.

A ƙarshen karin ki miƙa masa ɗan abin marmari na lokacin, rabin ayaba, yankan gwanda, mangwaro in lokacinsa ne, lemu a cire 'ya'yan. Lemu da gwanda da mangwaro suna taimakon jiki ya tsotsi sinadarin jinin da ke cikin wake da gero, wato kishiyar abin da shayi ke yi.

Wanda bai kai shekara 2 ba a ci gaba da ba shi nonon uwa tare da duk wannan. Zuma kar a ba wanda bai cika shekara 1 ba ko da lasa ce. Gyaɗa guda-guda, aya, gurjiya da alawa mai tauri suna maƙale wa ƙananan yara a maƙogwaro, a daka ko a markaɗa kafin a ba su, kuma yaro ya ci a zaune kina kusa. Hannunki da nasa a wanke da sabulu kafin a fara.

Sai maganar ɗura, wadda na san iyayenmu da kakanninmu sun yi ta da kyakkyawar niyya. A kwantar da yaro a cinya a toshe masa hanci a dinga zuba kunu da tafin hannu yana kuka yana shaƙewa, wannan kunun yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu, kuma yaron da aka saba yi wa haka da ya hango kofi zai fara ihu. Ki zaunar da shi ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai dan ki ga iya abin da ya ci, in an haɗa shi da yayyensa kafin ya kai loma biyu sun share kwanon. Ki bar shi ya sa hannu ko da zai ɓata riga, in ya kawar da kai ki ɗan jira ki sake gwadawa, wani abincin sai an kawo masa sau da yawa a ranaku daban-daban kafin ya karɓa. In Inna ko Goggo ta ce haka muka raine ku, ki lallaɓa ta da girmamawa, ki ce Inna bari mu gwada cokali yau ki gani.

Malam maigida, kai ma ga naka: ranar kasuwa in ka auno gero ka ɗora waken suya da gyaɗa a kai, kuɗin biskit da lemon kwalba na sati ɗaya ka juya shi nan.

Aikin gida

Lissafi: idan Tom Brown ɗinki gwangwani 12 na gero za ki sa, gwangwani nawa na waken suya za ki auna, na gyaɗa kuma nawa? In an haɗa duka gwangwani nawa kenan?

Rubutu: ki ja layi 7 a littafinki, ki rubuta sunayen ranaku daga Asabar zuwa Juma'a, kullum ki rubuta abin da yaronki ya karya da shi a gaban ranar, ko kalma ɗaya ce. Wadda rubutun ya ba ta wuya ta zana hoton abin, za mu rubuta sunansa tare a allo. Sati mai zuwa kowa ta taho da littafinta da cokali ɗaya daga gida, ni zan kawo garin da risho mu dama a aji mu yi gwajin karkata cokali.